Yadda Ake Gane Baƙon Tsiro a Lambu, da Yadda Ake Tayar da Ƙananan Itatuwa Daga Iri

Ka fito ban ruwa da safe, sai ka ga wani tsiro a gindin katanga wanda ba kai ka shuka ba. Ko tsuntsu ne ya kawo irinsa, ko iska, ko kuma a cikin taki ya shigo. Hannu na saurin kai wa fartanya, amma ka dakata. Na taɓa tumɓuke wani tsiro da na ɗauka ciyawa ce, daga baya na gane irin da na zuba wata huɗu da suka wuce ne, har na fitar da rai da shi, sai a lokacin ya ga damar fitowa.

Gane tsiro da tayar da shi daga iri aiki ɗaya ne a wurina. Sunan tsiro shi ke gaya maka ko yana da guba, ko zai mamaye lambu, da kuma abin da irinsa ke buƙata kafin ya tsiro. Wanda ya zuba iri bai san sunansa ba, shuka yake yi a kan sa'a. Zan fi mai da hankali kan ƙananan itatuwa, wato waɗanda ba sa yin doguwar gangar jiki guda, sai dai su fito da rassa da yawa tun daga gindi, tsayinsu kuma bai cika wuce mita 5 ko 6 ba, kamar lalle da sabara da aguwa.

Kafin ka taɓa shi

Kafa ɗan tsinke kusa da shi don kada wani ya take shi ko ya nome shi, ka rubuta ranar da ka fara ganinsa. Sannan ka riƙe doka ɗaya: tsiron da ba ka sani ba, ba a ɗanɗana shi, ba a kuma murza shi a shafa ido. Idan ka tsinki ganye ka ga farin nono na fita, ka wanke hannu da sabulu nan take. Nonon tumfafiya da na tinya na iya yi wa ido mummunan lahani. Itacen adon nan mai dogayen ganye da furanni ja ko fari, *Nerium oleander*, duk jikinsa guba ne, har hayaƙinsa idan aka ƙona shi. 'Ya'yan zurma da na idon zakara suna da kyaun gani, yara na son wasa da su, alhali taunarsu na iya kisa. Idan akwai yara ko dabbobi a wurin, ka kewaye tsiron har sai ka san ko wane ne.

Mataki na farko: karanta ganye

Yawancin mutane launin ganye suke fara kallo, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani, don rana da ruwa da taki duk suna canza shi. Abin da ba ya canzawa shi ne tsarin zaman ganyen a jikin reshe. Bi reshen da ido daga ƙasa zuwa sama. A kowace gaɓa ganye ɗaya ne, wannan dama wancan hagu? Ko biyu ne suna fuskantar juna? Ko uku ne ko fiye sun zagaye gaɓar? Wannan tambaya kaɗai ta isa ta kore dangi da yawa daga zato.

Sai ka tantance ko ganyen tilo ne ko mai rabe-rabe. A nan ake yawan ruɗewa. Mutum ya kalli zogale ya ce ganyensa ƙanana ne, alhali duk wancan faffaɗan abin mai 'yan ganyayyaki da yawa ganye ɗaya ne. Dabarar ita ce ka nemi ido, wato ɗan ƙullin da sabon toho ke fitowa daga gare shi. Yana zama ne a hammatar ganye na gaskiya, inda hannun ganyen ya haɗu da reshe. Ɗan ganyen da ke cikin babban ganye ba shi da ido a gindinsa. Inda ka ga idon, daga nan ganye ya fara.

Daga nan ka ɗaga ganyen ka duba shi a hasken rana. Idan jijiyoyinsa sun miƙe a jere ba sa haɗuwa, kamar na ciyawa, dangin ciyayi da makamantansu ne, da wuya ya zama irin itacen da muke magana a kai. Idan sun yi raga, ci gaba. Duba gefensa: sumul ne, ko mai haƙora kamar zarto, ko mai yatsu kamar tafin hannu? Shafa bayansa ka ji ko da gashi. Murza ɗan guntu ka sansana daga nesa. Juya karan tsakanin yatsunka: idan mai kusurwa huɗu ne, ganyen suna fuskantar juna, ga kuma ƙamshi, to akwai alamar dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya ne. In da ƙaya, lura ko bibbiyu take fitowa a gindin ganye, ko miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa.

Wani gargaɗi: ganye biyun farko da tsiro ke fitowa da su daga ƙasa ba su ne ganyensa na ainihi ba, guzurin da ke cikin iri ne. Kada ka yanke hukunci da su. Jira ya yi ganye biyar ko shida. Ko a nan ma wasu itatuwan ganyen ƙuruciyarsu daban ne da na girma.

Mataki na biyu: jira fure

Ganye zato yake ba ka, fure da 'ya'ya su ke ba da tabbaci, don a kansu masana suka fi dogara wajen raba tsirrai dangi-dangi. In za ka iya, mai da baƙon cikin tukunya ka ajiye shi gefe har ya yi fure, ko da zai kai shekara.

Idan furen ya fito, ƙirga fala-falansa, ka duba ko a rarrabe suke ko sun haɗe kamar mazurari. Ka kuma tabbata furen kake kallo. Bougainvillea, mai hawa katanga ta rufe ta da ja ko shunayya, abin da ake gani mai launin ganye ne da ya sauya kama. Furenta na gaskiya ɗan ƙarami ne fari-fari a tsakiya.

Wani rahoto da masanan lambun Kew na Ingila suka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsirrai masu jijiyar ɗaukar ruwa da aka sani sun kai kimanin 390,000. Ba mai haddace wannan. Amma wanda ya san alamun dangi biyar ko shida ya rage wa kansa rabin wahala. Kwanso mai tsagewa gida biyu da ƙwayoyi a jere, galibi tare da ganye mai rabe-rabe, alamar dangin bagaruwa da tafasa da kalgo ne. Fure mai fala-fala biyar da wani ɗan sanda a tsakiya wanda ƙurar fure ta lulluɓe, dangin auduga da rama ne. Farin nono, ganye masu fuskantar juna ko masu zagaye gaɓa, da ƙwayoyi masu gashi kamar siliki da iska ke kwasa, dangin tumfafiya ne, kuma guba ta yi yawa a gidan. 'Ya'ya masu ɗaki uku da ke fashewa idan sun bushe, ka yi zaton dangin zurma da bini-da-zugu. Fure mai kamar ƙaho da 'ya'ya masu ƙaya, ka tuna da zaƙami ka nisanta yara.

Mataki na uku: hoto, manhaja, da mutane

Hoto ɗaya daga nesa ba ya gane tsiro. Ɗauki aƙalla biyar: tsiron gaba ɗaya, reshe inda za a ga zaman ganye, bayan ganye, fure ta gaba da ta gefe, sai 'ya'ya ko ɓawo. Ajiye rula ko yatsanka a gefe don a san girma. Ka ɗauka a inuwa mai haske, domin tsakar rana na wanke launi.

Akwai manhajojin waya da ke taimakawa. Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka samar, tana kwatanta hotonka da waɗanda ke rumbunta ta jero maka sunaye. A iNaturalist kuwa, bayan hasashen na'ura, mutane masu sani na iya dubawa su tabbatar ko su gyara, shi ya sa na fi son ta ga tsiron da ya gagara. Google Lens na da sauri, amma ta fi saurin ruɗuwa. Ko wacce ka ɗauka, ka tuna kama da wane ba ta wane. Manhaja ta fi ƙwarewa a tsirran yankunan da aka fi ɗaukar hotonsu, tana kuma iya ba ka suna da ƙarfin gwiwa alhali ta yi kuskure. Ɗauki sunaye uku na sama, ka nemi bayanin kowanne, ka gwada da abin da ka rubuta. Idan bayanin ya ce ganye na fuskantar juna, naka kuwa ɗaiɗai ne, ka watsar da sunan komai kamar hoton.

Sannan matambayi ba ya ɓata. Tsofaffin masu lambu, masu renon dashe, da ma'aikatan gandun daji sukan gane tsiro da kallo ɗaya. Idan za ka kai wa masani, yanki reshe mai ganye da fure, shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida, danne da abu mai nauyi, kana sauya takardar kullum a kwanakin farko har ya bushe. Jami'o'i da yawa na da ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake irin wannan kwatance.

Abin da kake nema a ƙarshe shi ne sunan kimiyya. Sunan gida na da daɗi kuma yana ɗauke da sani mai yawa, amma tsiro ɗaya na iya samun suna uku, suna ɗaya kuma ya hau kan tsirrai uku. Tsarin suna mai kalma biyu, ta farko ta zuriya ta biyu ta jinsi, ya kafu ne da aikin Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin a 1753. Da shi za ka nemi bayani ko da wane harshe aka rubuta. Sunayen ma kan canza: bagaruwa da aka daɗe ana kira *Acacia nilotica* yanzu *Vachellia nilotica* ce, don haka in ka ga suna biyu ka bincika da duka biyun.

A bari ko a cire?

Da ka sami suna, bincika girman da zai kai, yadda saiwarsa ke tafiya, ko yana da guba, da ko yana cikin masu mamaya a ƙasarka. *Lantana camara* misali ce. An kwaso ta daga nahiyar Amurka don kyan furenta, tsuntsaye suka yaɗa 'ya'yanta, yau ta addabi wuraren kiwo a Afirka da Indiya da Ostireliya, ganyenta kuma na cutar da dabbobi. Irin wannan, cire shi da saiwa kafin ya yi 'ya'ya. Ka kuma tona gefen tsiron kaɗan: wani ba daga iri ya fito ba, toho ne daga saiwar bishiyar da ke kusa.

Mataki na huɗu: tara iri

Da farko tambayi kanka ko iri ne hanyar da ta dace. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a lambu hakan na faruwa. Itacen da aka samar ta hanyar haɗa jinsi biyu, ko mai aure, ko mai ganye rodi-rodi, 'ya'yansa ba lallai su gaji kamanninsa ba. In kana son kwafin uwar sak, reshe za ka dasa. Bougainvillea ma da wuya ta yi iri. Amma iri na da nasa alfanu: yana ba ka tsirrai da yawa, yana ba da saiwa mai nutsawa ƙasa, wani lokaci kuma da siffar da reshe ba ya bayarwa. Bishiyar kariya da aka tayar daga iri tana yin ƙaton gindi mai kumburi tun tana ƙarama, wadda aka dasa daga reshe kuwa ba ta cika yin haka da wuri ba.

Ɗebi iri daga uwa mai lafiya, in da hali daga uwaye biyu ko uku. Kwanso sai ya bushe ya sauya launi, ka girgiza ka ji ƙwayoyi na kaɗawa. Masu fashewa da masu gashi ba sa jiran kowa, don haka ɗaura musu 'yar jakar yadi mai shara-shara tun kafin su buɗe. 'Ya'ya masu tsoka sai sun nuna sosai. Jiƙa su, murje tsokar a kan rariya, ka wanke ƙwayar tas, domin tsokar 'ya'ya da yawa na ɗauke da sinadarin da ke hana tsirowa, tana kuma jawo fumfuna.

Shanya a inuwa mai iska na kamar mako guda, ba a kan kwano a rana ba. Zuba a ambulan na takarda, rubuta suna da kwanan wata a take. Kada ka ce za ka tuna, ba za ka tuna ba. Sanya ambulan ɗin cikin kwalba mai murfi a wuri mai sanyi da duhu. Danshi da zafi su ne abokan gabar ajiya. Sai dai ba kowane iri ke jure bushewa ba. Na darbejiya yana mutuwa cikin 'yan makonni, na lemo ma ba ya son ya bushe ƙarau. Irin waɗannan a wanke a shuka nan da nan.

Kafin ka ɓata ƙasa da lokaci, yi gwaji. Ɗauki ƙwaya goma, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, sa a leda, ajiye a wuri mai ɗumi, kana leƙawa duk bayan kwana biyu. In bakwai sun tsaga, irin na da kyau. In biyu ne, ka zuba da yawa. Gwajin zubawa a ruwa a ce wanda ya taso lalatacce ne yana aiki ga manyan ƙwayoyi, amma wasu irin da ransu suke tasowa, kada ka zubar da su kan wannan kawai.

Mataki na biyar: tayar da iri daga barci

Nan ne sunan da ka sha wahalar nema zai biya ka. Irin itatuwa da yawa ba ya tsirowa don kawai ya sami ruwa. Yana da kariya da ke hana shi fitowa a lokacin da ba zai rayu ba, kuma kariyar iri-iri ce. Mai lambu ya ga wata biyu shiru ya ce irin ya mutu, alhali barci yake.

Kashi na farko masu taurin ɓawo ne, ruwa ba ya ratsa su. Yawancin dangin bagaruwa a nan suke. A daji, zafin ƙasa, gobara, ko wucewa ta cikin dabba ke raunana ɓawon. A gida hanya biyu ce. Ko ka tafasa ruwa, ka sauke shi, ka bar shi ya huce na 'yan mintuna, ka zuba a kan irin, ka bar su ciki awa 12 zuwa 24. Kada ka dafa su a kan wuta. Ko kuma ka goga gefen kowace ƙwaya a sanfefa, ko ka ɗan ɓalli ɓawon da abin yanke farce, har ka hango launin ciki, sai ka tsaya. Nemi cibiyar ƙwayar, ɗan tabon da ta maƙale da kwanso, ka yi aikinka a ɗaya gefen, don kusa da cibiyar ne saiwa ke kwance. Ga iri kaɗan na fi son gogawa, ta fi tabbas. Ga iri mai yawa ruwan zafi ya fi sauƙi. Ko wacce ka bi, alamar nasara ɗaya ce: ƙwayar za ta kumbura ta kusan ninka girmanta. Waɗanda suka kumbura a shuka su ranar, kada a bari su sake bushewa. Waɗanda suka ƙi a maimaita musu.

Akwai masu ƙwallo kamar dutse, irin magarya, inda ƙwayar gaskiya ke ciki. Fasa ƙwallon a hankali da filaya ko ɗan guduma, ta gefe, ka fitar da ƙwayar ba tare da ka murƙushe ta ba. Za ka yi asarar wasu kafin hannunka ya saba.

Kashi na biyu masu jiran sanyi ne. Ƙananan itatuwan ƙasashen da ake ƙanƙara, kamar wardi da danginsa, irinsu ba ya farkawa sai ya kwana cikin sanyi da danshi na tsawon lokaci, alamar hunturu ya wuce. Ana kwaikwayon wannan da firij. Cakuɗa irin da yashi mai ɗan danshi, wanda in ka matse ba ya ɗiga, zuba a leda, rubuta kwanan wata, ajiye inda sanyi ke tsakanin digiri 1 zuwa 5, ba ɓangaren ƙanƙara ba. Yawanci wata ɗaya zuwa uku ne, gwargwadon jinsi. Buɗe duk mako ka duba. Wanda ya fito da farar saiwa, cire shi ka shuka. Busasshen iri a firij ajiya ce kawai, ba ya farkawa, danshin ne sharaɗi. Wasu ma, kamar jinsuna da yawa na *Viburnum*, sai sun sami watannin ɗumi sannan na sanyi, shi ya sa sukan kai shekara ta biyu kafin su leƙo. Kada ka yi wa irin itatuwan ƙasashe masu zafi wannan, ruɓewa zai yi. Ka kuma auna ko itacen zai rayu a yanayin da kake, don tsirowa daban, rayuwa daban.

Kashi na uku ba ruwansu da wata dabara. Zogale da sabon irin bishiyar kariya, ka shuka kawai, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka gan su. Na lalle ƙanana ne, jiƙa su na 'yan kwanaki ana sauya ruwa na taimaka musu.

To in ka rasa suna, ko ka rasa bayani fa? Raba irin kashi uku: ɗaya a shuka haka nan, ɗaya a jiƙa kwana guda, ɗaya a goga. Tukwane uku, alama uku. Irin da kansa zai ba ka amsa.

Mataki na shida: ƙasa da shuka

Kowane mazubi ya yi, leda ko gwangwani ko tukunya, muddin an huda gindinsa kuma an wanke shi. Ga masu doguwar saiwa zaɓi mai zurfi, santimita 15 zuwa 20. Ƙasar reno ba ta son nauyi: kashi biyu na ƙasa mai laushi, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, a tankaɗe. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, laka kuma na shaƙe ta. Kwara wa haɗin tafasasshen ruwa ka bar shi ya huce ya tsane kafin shuka. Wannan na rage cuta, yana kuma kashe irin ciyawa, don kada ka yi wata guda kana lallashin ciyawa da sunan dashe.

Zurfin rami ya zama ninki biyu na kaurin ƙwayar. Binnewa da zurfi ya kashe iri fiye da yadda ake zato. Masu ƙanƙanta kamar ƙura a barbaɗa su a sama a danna da tafin hannu, don wasunsu sai da haske suke tsirowa. Manya a sa biyu a kowace leda. Soka alama mai suna da kwanan wata, da fensir, domin tawadar biro na gogewa a rana. Ajiye a wuri mai haske da ɗumi wanda rana ba ta dukansa kai tsaye. Yawancin iri na jin daɗin digiri 20 zuwa 30. Ɗora mazuban a kan benci saboda gara da kaji da ɓeraye.

Ban ruwa, inda aka fi yin kisa

Ƙasa ta kasance da danshi, ba jagab ba. Tsoma yatsa: in saman ya bushe a ba da ruwa, in da sanyi a bari. Yi da safe, da yayyafi mai laushi, ko ka tsoma gindin mazubin a faranti mai ruwa ya sha ta ƙasa. In ka rufe da leda don riƙe danshi, cire ta ranar da ka ga tsiro na farko.

Wata rana za ka iske 'yan tsirran da suke tsaye jiya sun kwanta, karansu ya tsuke ya yi baƙi daidai bakin ƙasa. Cutar ruɓewar gindi ke nan, ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa irin su *Pythium* da *Rhizoctonia* ke kawo ta, kuma yawan ruwa, cunkoso da rashin iska ke ba su dama. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi, rage ruwa, rarraba mazuban iska ta ratsa. In kuwa tsirran sun yi tsawo siriri, fari-fari, suna karkata gefe guda, haske ne bai ishe su ba. Matsar da su inda ranar safe ke samunsu.

Kada ka yi saurin zubar da tukunyar da ta yi shiru. Irin itace ba ya fitowa rana ɗaya, wani yau, wani bayan wata biyu. Tona ƙwaya ɗaya ka matsa. In ta yi laushi tana wari, ta tafi. In tana nan da tauri, mai da ta ka ci gaba da jira.

Mataki na bakwai: raba su da kai su mazauni

Idan tsiro ya yi ganyen ainihi biyu zuwa huɗu, lokacin raba su ya yi. Jiƙa ƙasar, soka ɗan tsinke ƙarƙashin saiwa ka ɗago, ka riƙe shi ta ganye. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murƙushe shi ke nan. Inda biyu suka fito a leda ɗaya, yanke raunannen da almakashi maimakon tumɓukewa. Bayan mako biyu za ka iya fara ba su takin ruwa mai rauni ƙwarai. Riƙa ɗaga ledojin lokaci-lokaci don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

In ya kai kamar taƙi ɗaya, tsinke kan tohon sama. Yana da ciwo a zuciya, amma shi ke sa ya fito da rassa ta gefe ya cika, maimakon ya tafi sanda guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin dashe, saba masa da waje na kwana 7 zuwa 10: awa ɗaya ko biyu a rana da iska ranar farko, kana ƙarawa kullum, kana ɗan rage ruwa. Dasa lokacin da ƙasa ke da danshi kuma zafi ko sanyi bai tsananta ba, da yamma ko ranar da ake lumshi. Rami ya ninka ledar faɗi amma kada ya fi ta zurfi, wuyan tsiron ya tsaya daidai inda yake a da. Yanke ledar, kada ka ja tsiron. In saiwa ta naɗe a gindi kamar gammo, warware ta da yatsa, in ta ƙi ka datse naɗin. Cike ramin, danna a hankali, yi masa 'yar kwarya, ba shi ruwa ya ƙoshi. Shimfiɗa busasshen ganye kewaye da shi kaurin yatsu uku, amma kada ya taɓa karan. Tazara kuwa ka auna ta da faɗin da itacen zai kai in ya girma, ba da ƙanƙantarsa ta yau ba.

A shekarar farko ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi ɗan yayyafi kullum, don shi ke jan saiwa ƙasa. Fure kuma ya danganta da jinsi: wasu a shekarar farko ko ta biyu, wasu sai ta uku ko fiye. Alamar da ka soka a leda ka tafi da ita gindin itacen, ka kuma kwafe sunan, ranar shuka, da dabarar da ta tayar da irin a littafinka, don alamar waje ba ta wuce shekara ɗaya ba ta goge ba.